INDA JI YA KORI GANI: Yadda Ake Koyon Jitar Feda Da Kunne

Duk wanda ya taɓa zama a motar haya mai dogon zango, ko ya shiga gidan wani malamin makaranta da yammacin Lahadi bayan an taso daga sujada, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Don Williams tana fitowa daga rakoda ba. Mu a ƙasar nan mun daɗe da karɓar kiɗan kantiri na Amurka hannu bibbiyu, tun daga zamanin Jim Reeves, wanda waƙoƙinsa na yabon Allah suka shiga gidajen masu bi da yawa. To, idan mai karatu ya kasa kunne da kyau ga irin wannan kiɗa, zai ji wani sauti a bayan mawaƙin, mai zamewa a hankali, ya hau ya sauko kamar mutum yana kuka ƙasa-ƙasa. Da mawaƙi ya tsaya jan numfashi, sai wannan sauti ya yi masa amshi.

Wasu sukan ɗauka gogen Turawa ne, wasu kuma su ce kibod ne. Gaskiyar magana ita ce, wata irin jita ce wadda Amurkawa ke kira pedal steel, mu kuwa a nan za mu kira ta jitar feda. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ga wannan kayan kiɗa abin ya sha bamban. Kana iya tsayawa a gaban gwaninta awa guda kana kallon hannuwansa, ka tashi ba ka san abin da ya yi ba, domin rabin aikin a ƙarƙashi ake yinsa, da tafin ƙafa da gwiwa. Shi ya sa tun farkonta har yau, kunne ne babban malamin masu kaɗa ta.

YADDA AKA ƘERA TA

Jitar feda ba a rungumarta kamar jitar da muka saba gani. A kwance take bisa ƙafafu huɗu kamar ɗan teburi, mai kaɗawa ya zauna a gabanta kamar tela a gaban keken ɗinki. Wadda aka fi koyo da ita tana da tsirkiya 10, da feda 3 a ƙasa, da ƙarafa 4 ko 5 da ke rataye a ƙarƙashinta, waɗanda ake turawa da gwiwa. Ta manyan gwanaye takan zo da wuya biyu, wato tsirkiya 20, da feda 8.

Hannun hagu ba ya danne tsirkiya da yatsu. Yana riƙe da wani guntun ƙarfe mulmulalle mai santsi, wanda tsawonsa ya ɗan ɗara inci 3, ana zamar da shi bisa tsirkiyoyin. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai layuka da aka zana masu lamba, amma zane ne kawai, ba abin da zai tare ƙarfen. Idan ka kauce wa layi ko da kaɗan ne, sauti ya karkace, kunnenka ne kaɗai zai gaya maka. Hannun dama yana sanye da farata uku, ɗaya a babban yatsa, biyu na ƙarfe a yatsu biyu na kusa da shi. Ƙafar hagu tana taka feda, kowace feda kuwa tana jan wasu tsirkiyoyi ta ɗaga muryarsu. Ƙarafan gwiwa wasu ɗagawa suke yi, wasu saukewa. Ƙafar dama kuma tana bisa wata feda dabam mai ƙara ƙarfin sauti ko rage shi. Wato hannu biyu, ƙafa biyu da gwiwa biyu, duk suna aiki a lokaci guda.

WAƘA ƊAYA DA TA HANA GWANAYE BARCI

Asalin abin daga tsibiran Hawayi ne, inda ake danganta shi da wani saurayi mai suna Joseph Kekuku, wanda wajen shekara ta 1889 ya soma kwantar da jita bisa cinyarsa yana zamar da ƙarfe a kanta. Salon ya haura zuwa babban yankin Amurka ya karɓu ƙwarai. A farkon shekarun 1930 aka sa mata lantarki, a shekarun 1940 kuma wasu maƙera irin su Paul Bigsby suka soma sa mata feda. Amma a lokacin, amfanin feda shi ne a sauya ɗaurin tsirkiyoyi a asirce kafin a kaɗa, ba a so a ji motsinta.

A ƙarshen 1953, a birnin Nashbil, hedkwatar kiɗan kantiri, mawaƙi Webb Pierce ya ɗauki waƙarsa mai suna "Slowly". Mai jitarsa, Bud Isaacs, ya yi abin da ba a saba ji ba: ya kaɗa tsirkiyoyi, suna cikin ƙara sai ya taka feda, muryoyi biyu suka haura a hankali, wata muryar tana tsaye inda take. Waƙar ta fito a 1954, ta yi mako 17 tana kan gaba a jerin waƙoƙin kantiri.

Masu kaɗa jitar ƙarfe a duk faɗin Amurka suka ji abin a rediyo, suka rasa yadda aka yi. Ba hoton bidiyo, ba littafi, ba malamin da za a tambaya. Sun san dai ƙarfen hannu ba zai iya ba da wannan sauti tsaf haka ba, tun da yake idan ka zamar da shi a miƙe, duk tsirkiyoyin da ke ƙarƙashinsa tare suke tafiya. Sai suka yi ta maimaita faifan har suka gane muryoyin da suka motsa da nisan da kowace ta yi. Daga nan wasu suka nufi wurin maƙera, wasu suka harhaɗa waya da guntayen ƙarfe a gida, suka yi wa jitocinsu feda. Da kunne suka fara gano aikin injin, sa'an nan suka ƙera shi.

A 1956 Buddy Emmons, yana ɗan shekara 19, ya raba fedar Isaacs gida biyu, domin kowace murya ta iya motsi ita kaɗai. Abokinsa Jimmy Day shi ma ya yi haka, amma ya jera nasa fedojin a juye. Har yau masu wannan jita kashi biyu ne, masu bin jerin Emmons da masu bin jerin Day. Emmons ya haɗa gwiwa da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud mai ƙera ta, daga baya kuma, a farkon shekarun 1960, ya ƙara tsirkiyoyi biyu da suka cika goman da ake amfani da su yanzu.

WANDA YA SAN DO-RE-MI YA CI RABIN HANYA

A nan ne 'yan'uwa mawaƙan ikilisiya suke da riba, domin abin da ke ba sabon shiga wuya, mu mun riga mun san shi da sunan solfa. Ɗaurin da aka fi amfani da shi a kiɗan kantiri ana kiransa E9. Idan aka ƙirga daga tsirkiyar da ta fi nisa da mai kaɗawa zuwa wadda ta fi kusa da shi, ga muryoyinsu: ta 1 re, ta 2 ti, ta 3 mi, ta 4 do, ta 5 so, ta 6 mi, ta 7 re, ta 8 do, ta 9 ti da aka sauke rabin taki, ta 10 so.

Mai lura zai ga abu biyu. Na ɗaya, do da mi da so sun cika wurin, saboda haka tsirkiya ta 3 da 4 da 5, ko ta 4 da 5 da 6, ko ta 5 da 6 da 8, ko ta 6 da 8 da 10, kowane rukuni yana ba da cikakken haɗin murya, abin da 'yan kibod ke kira kod. Na biyu, tsirkiya ta 1 da ta 2 ba su bi jeri ba, domin ta 3 ta fi su tsayin murya. Waɗannan su ne biyun da Emmons ya ƙara, kuma sukan ruɗa mai koyo, ya yi ta neman wata murya da ƙarfe, alhali tana nan a tsirkiyar gefe.

Sai fedoji. Ta farko, wadda ake kira A, tana ɗaga so ya zama la, taki guda. Ta biyu, B, tana ɗaga mi ya zama fa, rabin taki. Idan ka taka su tare, do-mi-so ya koma do-fa-la, ba tare da ka motsa hannu ba. Idan ka sake su a hankali, do-fa-la ya komo do-mi-so. Ɗan'uwa mai karatu, ka san wannan sauti sarai. Shi ne wanda jama'a ke yi a ƙarshen waƙar sujada sa'ad da ake jan "Amin": murya ɗaya tana riƙe da do, sauran suna saukowa su same ta. Wannan motsi, hawa da sauka, shi ne abin da Isaacs ya yi a 1953, shi ne kuma zuciyar kiɗan jitar feda.

Daga cikin ƙarafan gwiwa, biyu ne suka fi muhimmanci. Ɗaya yana sauke do ya zama ti. Idan aka haɗa shi da fedar B, ana samun so-ti-re-fa, wato kod ɗin da ke jan kunne ya koma gida. Ɗayan kuma yana ɗaga do da rabin taki. Lloyd Green, wanda ya kaɗa a faya-fayan Don Williams da dama na shekarun 1970, shi ake yabawa da fito da wannan ƙarfe, ana kuma jinsa a waƙar Tammy Wynette mai suna "D-I-V-O-R-C-E" ta 1968.

MATAKAN CIRO SALO DAGA FAIFAI

Abin da mai koyo ke nema ya ciro shi ne ɗan gajeren salo, wato 'yar jimlar kiɗa ta daƙiƙa uku ko biyar, wadda ake buɗe waƙa da ita ko a yi wa mawaƙi amshi. Ga yadda masu abin suke bi.

Mataki na farko: ka zaɓi waƙa mai tafiya a hankali, ka kuma san shekararta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya zauna yana neman fedar da Don Helms ya taka a waƙoƙin Hank Williams, wahalar banza yake yi, gama Hank ya rasu ranar farko ta 1953, jitar Helms kuwa ba ta da feda. Haka nan waƙoƙin Jim Reeves na ƙarshen rayuwarsa, an fi cika su da goge da fiyano da 'yan amshi, ba nan ne wurin koyon wannan jita ba. Wuraren da masu koyo suka saba farawa su ne "Crazy Arms" ta Ray Price ta 1956, inda Jimmy Day ya kaɗa, da "Together Again" ta Buck Owens ta 1964, inda Tom Brumley ya yi kiɗan da har yau ake misali da shi, da "Once a Day" ta Connie Smith, ita ma ta 1964, tare da Weldon Myrick.

Mataki na biyu: ka nemi do, ka ajiye jitar tukuna. Ka bi muryar bas, ita za ta nuna maka inda kod ya sauya. Yawancin waɗannan waƙoƙi a kan kod uku suke yawo, na do, na fa da na so. Makaɗan Nashbil ma da lamba suke rubuta su, 1 da 4 da 5, bisa wani tsari da Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya soma a ƙarshen shekarun 1950. Da shi da solfa ɗinmu ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Mataki na uku: ka rera salon da bakinka. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, kunnenka bai kama shi ba tukuna, hannunka kuwa ba zai ƙirƙiro shi ba. Ka fara da muryar sama. Bayan ta zauna, ka sake sauraro, ka toshe hankalinka daga ta sama, ka bi ta ƙasa, kamar yadda mai koyar da mawaƙa yake tsame muryar alto daga cikin taro. Yawancin salon jitar feda murya biyu ne ko uku.

Mataki na huɗu, wanda shi ne ƙashin bayan aikin: ka tambayi kanka, wace murya ce ta motsa, wace ce ta tsaya? Idan duk muryoyin sun tafi tare, nisa ɗaya, to, ƙarfen hannu ne aka zamar. Idan ɗaya ta tsaya cik, ɗaya ta haura rabin taki ko taki guda ta tsaya daidai, feda ce. Idan ɗaya ta sauka alhali 'yar'uwarta tana tsaye, ko dai an saki feda ne ko an tura ƙarfen gwiwa. Idan kuwa ɗaya ta hau ɗaya ta sauka a lokaci guda, to, gwani ya haɗa abu biyu, sai ka ƙara haƙuri.

Mataki na biyar: ka nemi mazaunin ƙarfe. A nan ne wuyar take, domin kod ɗaya yana da gida fiye da ɗaya. A ce waƙa tana kan ki na G. Za ka sami kod ɗin do a layi na 3 ba tare da feda ba. Za ka same shi a layi na 10 idan ka taka A da B. Za ka kuma same shi a layi na 6 idan ka taka A tare da ƙarfen gwiwa mai ɗaga do. To, ta yaya kunne zai bambanta su? Ta wurin motsin da kowane gida yake iya bayarwa. A layi na 3, fedoji suna ba ka mi zuwa fa, da so zuwa la. A layi na 10 kuwa, tun da an riga an taka su, sakin A yana sauke mi zuwa re, sakin B yana sauke do zuwa ti. Saboda haka idan ka ji re yana haurawa ya zama mi alhali so ko do yana tsaye a samansa, irin sautin nan da ya fi kowane nuna cewa kiɗan kantiri ake yi, ka nufi layi na 10, ka riƙe B, ka riƙa taka A kana saki. Kaurin sauti ma yana ba da labari: murya ɗaya takan fito siririya a tsirkiya siririya, ta fito da kauri a tsirkiya mai kauri. Gwanaye kuma ba sa son tafiyar banza. Idan hanyar da ka gano tana sa hannunka tsalle daga gabas zuwa yamma, akwai wata mafi sauƙi da ba ka gani ba.

Mataki na shida: ka saurari shirun. Tsirkiyar wannan jita tana daɗewa tana ƙara, saboda haka gwani yakan kashe kowace murya da gefen tafin hannunsa ko da faratansa kafin ya kaɗa ta gaba. Mai koyo yakan sami muryoyin daidai, amma kiɗansa ya fito a cakuɗe kamar kasuwa, don bai lura da inda aka kashe sauti ba. Ka lura kuma da fedar ƙara. Sau da yawa ana kaɗa tsirkiya sauti yana ƙasa, sa'an nan a ƙara shi sannu a hankali don ya daɗe bai mutu ba. Ka lura da rawar ƙarfe, ko tun farko aka soma karkaɗa shi ko sai da murya ta zauna. John Hughey, wanda ya daɗe tare da Conway Twitty, ya kuma kaɗa a waƙar Vince Gill "Look at Us" ta 1991, ya yi suna ne da irin wannan rawar ƙarfe a can saman wuya, har ake cewa jitarsa kuka take yi.

Mataki na bakwai: ka kaɗa tare da faifan, ka ɗauki naka kiɗan, ka saurara kamar na wani ne. Sa'an nan ka kai salon zuwa wani ki, ka gwada shi a wata waƙa. Salon da ba ya aiki sai a waƙa ɗaya, aro ne, bai zama naka ba.

DABARUN DA, DA NA YAU

Mutanen da sun sha wuya kafin su rage gudun waƙa. Sukan ɗaga allurar garmaho su mayar da ita baya sau ɗari, har faifai ya ƙoƙe. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti. Wasu injuna suna da gudun 16 da ɗoriya, wato rabi, idan aka sa faifan a nan sai kiɗa ya ragu da rabi, murya kuma ta faɗo daga do zuwa do na ƙasa, abin da ya sa lissafi bai ɓaci ba. Amma ƙaramin faifai mai juyi 45, idan aka mayar da shi 33, muryarsa takan faɗo kusan daga do zuwa so na ƙasa, ba ta kuma zauna daidai ba, sai mai koyo ya yi ta gyara. Da kaset ya zo, aka sami wata matsalar: batir ya yi sanyi, waƙa ta sauka, mutum ya koyi abu a ki da ba nasa ba.

Yau wannan wahala ta kau. Kwamfuta da wayar hannu suna rage gudun waƙa ba tare da muryarta ta sauka ba, a YouTube ma akwai wurin rage gudu zuwa rabi. Akwai kuma rubutattun darussa, tun daga littafin da Winnie Winston da Bill Keith suka fitar a 1975, da na malamai irin su marigayi Jeff Newman, inda ake nuna tsirkiya da layi da feda. Duk suna da amfani. Amma takarda ba ta iya nuna saurin taka feda, ko a danna ta farat ɗaya ko a matse ta sannu kamar mai tatsar lemo, a nan kuwa daɗin yake. Bugu da ƙari, kowane gwani yana da nasa tsarin feda da ƙarafan gwiwa. Wani salon ba zai fito a jitarka yadda ya fito a tasa ba, sai ka nemi hanyar da ta fi kusa. Wani lokaci ma abin da kake ji an ɗauke shi sau biyu ne aka ɗora wani kan wani.

Akwai kuma wani sirri da mawaƙa za su gane nan da nan. Masu jitar feda da yawa sukan ɗaure tsirkiyar mi ƙasa kaɗan da yadda kibod ke ba da ita, domin haka ta fi narkewa cikin do da so. Ƙwararrun mawaƙa idan suna rerawa ba kayan kiɗa, haka su ma sukan yi ba tare da an gaya musu ba.

A MAJAMI'A DA KUMA A GIDA NIJERIYA

Kada a ɗauka wannan jita ta masu kiɗan kantiri ce kaɗai. A cikin baƙaƙen fatar Amurka akwai wata ikilisiya mai suna House of God, inda jitar ƙarfe ce ke jagorar kiɗan sujada tun shekarun 1930. Wasu 'yan'uwa biyu a Filadelfiya, Troman Eason da Willie Eason, su suka shigo da ita. Willie ya shahara da bin muryar mai waƙa a tsirkiya ɗaya, har ka ce mutum ne ke rerawa. Daga baya irin su Chuck Campbell da Robert Randolph suka ɗauki mai feda. Yaran wannan ikilisiya a cikin sujada suke koyo, suna sauraron manya, suna bin muryar mai wa'azi da ta jama'a. Duniya ba ta san da su sosai ba sai a 1997, da kamfanin Arhoolie ya fitar da faifan kiɗansu mai suna "Sacred Steel".

A ƙasarmu kuwa, King Sunny Ade ne ya shigar da jitar feda cikin kiɗan juju a shekarun 1970. Mai kaɗa masa, Demola Adepoju, ya sa ta yi magana da harshen juju, kamar yadda ake ji a faifan "Juju Music" na 1982, har Paul Simon ya gayyace shi ya kaɗa a waƙarsa "Graceland" ta 1986. Wannan ya nuna cewa wanda ya horar da kunnensa ba ya tsayawa ga kwaikwayo.

Gaskiya ne ba kasafai ake ganin wannan jita a wurarenmu ba, tana da tsada da nauyi. Amma mai jita ta kullum yana iya ɗaukar darasin: ya riƙe tsirkiya ɗaya, ya tura ta kusa da ita da yatsa har re ya zama mi. A Amurka ma haka masu jita suke kwaikwayonta, har Gene Parsons da Clarence White suka ƙera wata na'ura a ƙarshen shekarun 1960 wadda ke ɗaga tsirkiya ɗaya idan an danna wuyan jita ƙasa.

ABIN ƊAUKA

Damuwarmu ita ce, yanzu da komai ya zo da sauƙi, saurayi yana iya haddace kiɗa daga bidiyo ba tare da ya taɓa sauraronsa ba. Ranar da wata uwa daga zumuntar mata ta tayar da waƙa a ki da ba a shirya ba, sai ka ga mai kibod yana lalube har a gama baiti na farko, jama'a suna jira. Maganin wannan ba ya cikin sabon kayan kiɗa. Yana cikin zaman minti 20 kowace rana da waƙa ɗaya, a nemi do, a rera, a tambaya wace murya ta motsa, wace ta tsaya.

Akwai kuma darasi na biyu. Idan ka saurari Pete Drake a waƙar George Jones "He Stopped Loving Her Today" ta 1980, ko Lloyd Green a bayan Don Williams, za ka tarar ba sa danne mawaƙi da kiɗa. Sukan jira ya gama maganarsa, su amsa a taƙaice, su koma gefe. Sun san mai waƙa ne ke ɗauke da saƙo. Wannan ladabi ba a rubuta shi a takarda, da kunne ake ɗaukarsa, kuma makaɗanmu na ranar Lahadi suna bukatarsa kamar yadda na Nashbil suke bukata.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka sake jin ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙi, ka bar mawaƙin na ɗan lokaci, ka bi wancan sauti na bayansa. Ka ƙirga muryoyinsa, ka nemo wadda ta tsaya. Ba za ka same ta a sauraro na farko ba, wataƙila ma ba a na goma ba, amma sannu ba ta hana zuwa.